Abin da Tsaron Itatuwa Ke Ci wa Baitulmali

Mutane da yawa, har da waɗanda Allah ya hore wa ilimi, suna zaton dokar hana sare itace a gandun daji ba ta cin hukuma kome, tun da a ganinsu magana ce kurum da aka rubuta a takarda aka buga mata hatimi. Amma mu malaman daji mun san cewa duk abin da hukuma ta haramta, wajibi ne ta ɗauki nauyin wanda zai tsaya a kansa. Ko Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya keɓe makiyaya domin dabbobin sadaka, sai da ya naɗa mata mai tsaro.

Dubi Yankari, wadda aka keɓe a 1956, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. Kowa ya riƙe ta, albashin masu gadi na kansa, da man babura, da share iyaka, da yanke hanyar wuta kafin ciyawa ta bushe. A gandun da ake ba da iznin sara kuwa ɗawainiyar ta fi haka, domin sai malamin daji ya taka da ƙafarsa ya auna itacen, ya buga masa guduma, ya rubuta takarda, a tsare hanya saboda motocin gawayi da katako, wanda aka kama kuma a bi shari'arsa har ƙarshe. Kuɗin lasin da na tara suna shiga asusun jiha, kuma galibi ba su komawa dajin da ya samar da su. Inda aka yi ƙwauron wannan kuɗi an ga sakamakonsa: madobiya ta sha sara a Taraba ana kai ta Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu.

Amma babbar asarar, a iyakar abin da na gani, tana wajen dashe. Ana renon tsiro watanni a cikin leda, a ɗauko shi a mota, a tara manya ranar biki, a dasa shi sau da yawa bayan damina ta ja baya, saboda a lokacin ne kuɗi suka fito. Daga nan kowa ya watse, a bar shi da akuya da gara da zafin bazara. Alhali kuwa tsiron madaci yana bukatar shinge da ban ruwa da mai duba shi rani biyu ko uku kafin ya tsaya da kansa, wannan kuwa shi ne sashen da ba safai ake rubuta shi a kasafi ba, watakila don babu mai ɗaukar hotonsa. Saboda haka idan an ce muku an dasa dubu kaza, ku tambayi adadin waɗanda suka ga damina ta uku, ku raba kuɗin a kansu, domin shi ne farashi na haƙiƙa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanya tun daga 1983, wato sassaben zamani, inda manomi ke barin kututturen gawo ko kalgo ya tofo, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya datse sauran. Saiwar tana nan tun da, ba ta neman ban ruwa, kuma an ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Nijar da kimanin hekta miliyan 5. A gandayenmu kututture irin wannan ba shi ƙirguwa, abin da yake nema wuƙa ce da mai gadi wanda ake biyansa albashinsa a kan kari.