Karkatar da Dukiya Don Guje wa Biyan Bashi

Karkatar da dukiya shi ne wanda ake bi bashi ya mayar da gidansa, filinsa ko motarsa sunan wani, alhali abin bai bar hannunsa ba. Wata shari'a a Kano ta nuna yadda ake yi. Wata bazawara mai sana'ar atamfa ta ba wani ɗan kasuwa kaya bashi, ba takarda, ba mai shaida sai ƙaninta. Watanni yana ce mata kasuwa ce ta tsaya. Maimakon ta ga lauya, sai wani ɗan kamasho ya ja ta ofishin 'yan sanda, ya karɓi nasa. Aka tsare mutumin, aka sake shi, ya fito ya farga. Kafin ta shigar da ƙara, gidansa ya zama kyautar matarsa, shagonsa kuma aka rubuta ƙaninsa ya saya, a kuɗin da bai kai hayar shekara ba. Ta yi nasara a kotu, amma da aka je kama kaya ba a tarar da komai da sunansa ba. Jarinta ke nan ya tafi, da marayu a gabanta.

Kotu tana da ikon rushe kyauta ko cinikin da aka ƙulla don cutar masu bin bashi, bisa dokar Ingila ta 1571 da Najeriya ta gada. Alƙali yana duba ko ɗan'uwa aka ba, ko farashin ya yi araha fiye da kima, ko mutumin yana nan cikin gidan, da kuma lokacin da aka yi. Wanda ya saya da kuɗi na gaskiya, bai san makircin ba, ba a taɓa shi. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta, kuma ana iya neman alƙali ya yi masa hajru, wato ya hana shi taɓa dukiyarsa.

Mafi ƙarfi shi ne umarnin Mareva, wanda ke ɗaure dukiyar tun kafin hukunci. Kotun Ƙoli ta yi bayaninsa a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989. Sai da hujja ake samunsa, ba da zargi ba. Bayan hukunci ana iya kama kuɗin wanda ake bi bashin da ke banki.

'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. A rubuta bashi, ko da ɗan'uwa ne, a sa shaidu. A daina jan kwanaki ana aika dattawa roƙo, domin idan gidan ya faɗa hannun mai saye na gaskiya, dawo da shi ya yi wuya.