Yadda Masu Talla Ke Kama Zuciyar Mutum

'Yan'uwana ɗalibai, abin da nake so mu duba shi ne dabarar da kamfanoni ke yi har su raba mutum da kuɗinsa yana murna.

Ni mutumin Riko ne, a ƙasar Jibiya, kusa da iyakar Nijar. A kasuwanninmu akan ga kaya iri biyu, masu rubutun Ingilishi da masu rubutun Faransanci da ke shigowa ta wajen Maraɗi. Da yawa cikin masu saye ba su karanta ko ɗaya, amma kowa na gane hoton uwa tana murmushi, da na yaro ɓulɓul. To, ashe hoton nan da zuciya yake magana.

Na lura hanya uku suke bi. Ta farko ita ce ƙauna. Masu Maggi kan nuna iyali sun kewaye kwano suna santi, har mace ta ɗauka miyarta ba ta cika ba sai da dunƙule, alhali kakanninmu da daddawa suka yi suna. Ta biyu ita ce sha'awar koyi da manya. Shi ya sa kamfanin waya na Glo ya ɗauki ɗan wasa Ali Nuhu ya yi masa talla. Ta uku kuwa tsoron jin kunya, kamar yadda masu sabulu ke nuna yaro mai daƙƙaƙƙiyar riga cikin tsaransa.

Kada mu ɗauki abin wasa. A shekarun 1970 tallar madarar gwangwani ta jarirai ta sa iyaye mata da yawa a ƙasashe matalauta suka rage shayarwa, suna dama madara da ruwa marar tsabta, yara suka yi ta mutuwa da gudawa. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana irin wannan talla a 1981.

Ban ce talla duka ƙarya ce ba, don tana sanar da mu sabon abu. Amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Saboda haka kafin ka kwance bakin aljihu, tambayi kanka: ina bukatar abin nan? Mene ne a cikinsa? Akwai na gida da zai yi aikinsa da sauƙin kuɗi?

Mu da muka samu ilmi, wajibi ne mu riƙa karanta wa iyayenmu abin da aka rubuta jikin kaya, kada romon baka ya cinye kuɗin gero. Allah ya sa mu gane, amin.