Ƙuri'ar Matashi da Makomar Ƙasa

Tsarin Mulkin 1979 ne ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. Saboda haka duk ɗan Nijeriya, namiji ko mace, da ya cika shekara 18 yana da ikon zaɓen shugabanninsa.

Amma samun iko daban, yin amfani da shi daban. A zaɓen 2023 akwai sunayen mutum fiye da miliyan 93 cikin rajistar Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, kusan miliyan 37 daga cikinsu masu shekara 18 zuwa 34 ne. Duk da haka, ƙuri'un da aka jefa a zaɓen Shugaban Ƙasa ba su kai miliyan 25 ba.

Sau da yawa matashi yakan ce ƙuri'arsa ɗaya ba za ta sake kome ba. Wannan kuskure ne babba. A 2019 da ratar ƙuri'a 342 kacal aka ci zaɓen Gwamnan Jihar Sakkwato. Wanda ya zauna gida ya bar wa wasu su yanke masa shawara kan makaranta, asibiti da aikin yi har shekara huɗu.

Abin da ya wajaba ga kowane matashi shi ne:

1. Ya yi rajista, ya karɓi katinsa da kansa.
2. Ya san rumfar zaɓensa tun kafin ranar.
3. Ya auna manufofin 'yan takara, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai.
4. Kada ya sayar da ƙuri'arsa, kada kuma ya zama ɗan banga.

Ƙuri'a asiri ce, ba mai ikon tilasta wa kowa.