Yadda aka kwantar da bulo a injin gwaji na sauya sakamako

Tun bayan rushewar benen da ake ginawa a titin Beirut da ke Kano a watan Agustan 2022, masu gini a Fagge da Sabon Gari sun ƙara tambayar takardar gwajin bulo, kuma hakan abin yabo ne. Sai dai akasarin takardun da ke zuwa hannunmu, mu injiniyoyi, lamba kawai suke ɗauke da ita, ba sa faɗin ta wace fuska aka danne bulon. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, wato NIS 87, ta nemi bulon da zai ɗauki nauyi ya jure 3.45 N/mm². Bulo mai inci 9 tsawonsa milimita 450 ne, faɗi 225, tsayi 225, don haka ana bukatar ya ɗauki kusan tan 35 kafin ya fashe. Idan ramukansa na kallon sama, kamar yadda magini ke ɗora shi, nauyin na bin dukkan bangayensa ya sauka. Idan aka kwantar da shi a gefe, girman fuskar bai canza ba, lissafin ma haka, amma 'yan siraran bangaye uku na tsakiya ne kaɗai ke dakon nauyin, sai ya karye da wuri.

Jan bulo marar rami ma ba a bar shi a baya ba. A kwance, faranten ƙarfen injin kan riƙe shi sama da ƙasa, su hana shi buɗewa ta gefe, sai lambar ta hau. A tsaye, tsakiyarsa ta yi nisa da wannan riƙo, sai ta sauko. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 772-1 ta tanadi gyaran lissafi gwargwadon siffar bulon.

Mai gidan bulo zai ce siminti ɗaya ne, yashi ɗaya, ina ruwan ƙarfi da kwanciya? Gaskiya ne kwaɓin bai canza ba, amma injin ba kwaɓi kaɗai yake aunawa ba, har da siffa da hanyar da nauyi ke bi. Wani kuma zai ce a riƙi ƙaramar lambar, ta fi aminci. Wannan zai sa a yi watsi da bulo mai kyau, kuma bai taɓa haɗarin gaske ba, wato a gwada jan bulo a kwance, sannan magini ya jera shi a gefensa don a rage kuɗi, bangon shago ya tashi bisa ƙarfin da ba shi da shi. Duk mai karɓar takarda ya nemi a rubuta masa fuskar da aka danne, da girman da aka raba nauyin da shi, da ko bulon ya cika kwana 28.