Darasi A Kan Zaiba Da Ruwan Sha

Zuwa ga hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Gwari.

Tun zamanin Turawa ake haƙar zinariya a ƙasar nan. Masu haƙa sukan daka dutse, su wanke garin a rafi, su zuba masa zaiba don ta kama zinariya, sa'an nan su ƙona curin. Ragowar zaibar takan bi ruwan wanki ta shiga rafukan daji, har ta kai manyan koguna irin su Mariga.

Illarta

A cikin laka, ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sukan juya zaiba ta zama dafi mai taruwa a jikin kifi. Wanda ya dinga cin kifin sai karkarwa ta kama shi, gani ya ragu, harshe ya yi nauyi. Ɗan da ke ciki ya fi kowa cutuwa. Haka ya auku a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956. Ku sani, tafasa ruwa ko tace shi da ƙyalle ba ya raba shi da zaiba.

Dabarar masana

Masana sun sarrafa wani gari na ƙarfe mai laushin gaske, wanda ake auna ƙwayarsa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ƙanƙantar ƙwayoyin ita ce amfaninsu, gama kome yawan niƙa abu, haka fuskokinsa ke ƙaruwa. Akan shafe su da sinadari mai farar wuta, domin zaiba ba ta ganin farar wuta ta wuce. In an zuba garin a ruwa sai zaiba ta manne masa, a jawo shi da mayen ƙarfe, a killace shi nesa da rijiya. Amma fa yawancin wannan aiki yana ɗakunan gwaji tukuna. Yakan gyara ruwan tanki, ba ya wanke kogi.

Aikinku

Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Minamata ta rage aiki da zaiba a 2018. Saboda haka:

1. Malamai su rubuta kowane wurin wanki, da ruwan da ke kusa da shi.
2. Dagatai su hana wanki a mashaya, su kuma hana ƙona curi a cikin gida.
3. A nemi ma'aikatan lafiya su ɗebi ruwan da ake zargi a gwada.

Rigakafi ya fi magani. Wasalam.