Gasara da Kwaɓin Kankare

Gasarar masara ƙananan ƙwayoyin sitaci ce, cunkushe cikin ruwa kaɗan. Duk mai dama koko ta san halinta. In ta kwanta a gindin roba aka tsiyaye ruwan sama, uwargida ta kai mata ludayi da ƙarfi, sai ta cije, har ta tsage kamar busasshiya. Ga ruwa yana tafasa, ga yara tsaye da kofuna, ƙaraminsu yana jan zaninta, ita kuwa tana kokawa da roba. Da ta sassauta hannu sai ludayin ya nutse da kansa, gasarar ta malalo. Turi da sauri yana matse ƙwayoyin, su gogi juna su sarƙe. A hankali kuwa, ruwan da ke tsakaninsu yana ba su damar zamewa.

Kwaɓin kankare ma ƙwayoyi ne a cunkushe: siminti, yashi da tsakuwa. Shi ma yakan cije a cikin katako, ya ƙi ratsa rodi. A nan ne leburori ke jawo bokitin ruwa. Kada a ƙara ruwa! Kwaɓin ba ƙishirwa yake ji ba, sarƙewa ya yi, kuma girgiza ce ke kwance shi. A soka sanda a jijjiga, a bubbuga katakon da guduma, ko a sa injin girgiza in akwai. Nan take zai kwanta, ya cika kowane lungu, iska ta fita.

Tun 1918 wani injiniyan Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Ruwan da ya yi rara bushewa yake yi, ya bar ƙananan ramuka a ciki. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya buƙatar fiye da kimanin lita 25, wato jarka guda, kuma jiƙaƙƙen yashi ya riga ya zo da nasa ruwan. Amma wasu masu gini, don a tashi da wuri, sukan mai da kwaɓi kamar kunu, su ɗora bene a kai, alhali 'ya'yan mutane ne za su kwana a ƙarƙashi. Ko lebura ya yi ƙorafi, ko birkila ya ce haka aka saba, kada a ƙara ruwa.

Lokacin ruwa shi ne bayan kankare ya kama. A riƙa yayyafa masa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, domin sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake buƙata.