Alƙalamin tawada da zafin Adar

Duk wanda ya zauna gaban malam a makarantar allo ya san alƙalami. An fere shi daga karan gamba, an tsaga bakinsa, ana tsoma shi cikin kurtu. A rubuta kalma biyu ko uku, a sake tsomawa. Alƙalamin tawada na zamani ɗan'uwansa ne, har tsagar bakin iri ɗaya ce. Bambancin shi ne wannan yana ɗauke da kurtunsa a cikinsa, bakinsa kuma na ƙarfe ne.

Mutane da yawa a garin Afala suna gudunsa saboda yoyo. Mutum ya sa shi a aljihun farar riga, ya hau babur zuwa Tawa cikin rana, yana sauka sai ya ga shuɗin tabo a ƙirjinsa. Sai ya ce alƙalamin ba shi da kirki. Galibi lafiyarsa ƙalau, zafi ne ya yi aikinsa.

Ga yadda abin yake. A cikin alƙalami akwai tawada, akwai iska. Duk ɗigon da ya fita zuwa takarda, sai ƴar iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wani baƙin abu mai siraran hanyoyi, shi ne mai daidaita wannan shiga da fita. Wani Ba'amurke mai suna Lewis Waterman ya yi rajistar irin wannan dabara a shekarar 1884. To, iska idan ta ji zafi kumbura take yi. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu ta Adar yana wuce digiri 40. Iskar da ke ciki ta kumbura, ta nemi hanya. In bakin alƙalami yana kallon ƙasa, tawada ce ke tsakaninta da ƙofa, sai ta turo ta waje. In yana kallon sama, iskar ce za ta fita ita kaɗai, tawada ta zauna a gindi.

Saboda haka, in za ku sa shi a aljihu, ku rufe murfin sosai, bakin ya dubi sama. Kada ku bar shi a rana, ko kan tankin babur, ko kusa da murhun shayi. Kuma ku lura da wannan, don mutane suna ɗaukarsa a juye: alƙalamin da tawadarsa ta kusa ƙarewa ya fi cikakke yoyo, domin iska ta fi yawa a cikinsa. Har ɗumin hannu kaɗai yana iya sa shi ɗiga. In kun ga tawada ta yi ƙasa, ku cika shi tun kafin ku fara dogon rubutu, kamar wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa da ke cin rani a Abijan, ko lissafin adashi.

Wajen cikawa, ku tsoma bakin gaba ɗaya cikin kwalba, ku matsa robar da ke cikinsa a hankali sau uku ko huɗu, ku jira kaɗan. Bayan kun fitar, ku mayar da ɗigo biyu cikin kwalbar, sannan ku share bakin da wurin riƙewa da tsumma. Yawancin tabon yatsu daga nan yake fitowa, daga tawadar da aka bari a waje.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: kada ku zuba masa tawadar allo. Tawadarmu ta gargajiya mai daraja ce, amma da baƙin tukunya ko gawayi ake yin ta, a haɗa da ƙaro. Ƙaron nan zai bushe cikin siraran hanyoyin ya toshe su, alƙalami ya mutu. Ku bar ta ga alƙalamin kara, da shi ta dace. Na zamani kuwa tawadar kwalba yake sha, wadda aka yi dominsa.

Sai riƙo. Wanda ya saba da bik yana dannawa, domin bakin bik ɗan ƙwallo ne da ke mirginawa. Nan babu dannawa. In kun danna, tsagar ta buɗe, tawada ta kwarara, baki ya lanƙwashe. Ku riƙe shi a kishingiɗe, gefen ƙarfe mai sheƙi yana sama, ku bar shi ya taɓa takarda kawai. Tsofaffin almajirai sun fi kowa saurin kama wannan, don hannunsu ya saba lallashin kara.

Da hunturu kuma wata matsalar ce: iska busasshiya da ƙura. Bakin da aka bari a buɗe yana bushewa nan da nan. Kada ku yarfa shi, yarfawa ke cika murfi da tawada. Ku taɓa bakin da ɗigon ruwa mai tsabta, ku ja layi a gefen takarda har ya kama. Sau ɗaya a wata ku wanke shi da ruwan sanyi da aka tace, ku bar shi ya tsane a inuwa.

Yanzu ku ɗauko littafin rubutunku. Ku rubuta sunanku da sunan garinku sau biyar, a hankali. In kun gama layi, ku ƙirga zuwa goma kafin hannu ya bi ta kansa ko ku juya shafi.